Idon Baba Tela

A duk layin nan babu wanda ya taɓa jin Baba Tela ya ɗaga murya, kuma babu wanda ya taɓa ganin ya ɗaga hannu ya doki ɗa. Maƙwabta har yabonsa suke yi, wai mutum mai sanyin hali. Sanyin hali a ina! Ai ba su zauna da shi ba ne. Mutumin nan da ido yake duka. In ka yi masa ba daidai ba, sai ya tsayar da keken ɗinkinsa, ya ɗora hannuwansa biyu a kan tebur, ya kafe ka da ido. Ba harara ba ce, ba kuma ɗaure fuska ba. Kallo ne kawai, babu ko ƙiftawa, har sai ka ji kamar ka tako ƙazanta ka shigo da ita ɗakin mutane. A bayan idonsa Tocila 'ya'yansa biyu suke ce masa.

Babbar, wadda kowa ke kira Yaya har da masu kawo ɗinki, ita ce a teburin guga, can ƙuryar shago kusa da taga. Ƙanenta Auta, ƙato da gemunsa, shi ke yanka da zuwa sayo zare. Tun suna ƙanana suka koyi dokar gidan ba tare da wani ya faɗa musu ba: in Baba ya kafe ka, ka sunkuyar da kai, ka ce "Yi haƙuri, Baba," ko ka san laifinka ko ba ka sani ba.

Yaya ta fi Auta hannu nesa ba kusa ba, kowa ya sani. Tana budurwa ta taɓa ɗinka kwat ita kaɗai, ta rataye a ƙofar shago tana jiran yabo. Baba ya kalli kwat ɗin, ya kalle ta, sannan ya ɗauki reza ya warware ta ɗinki bayan ɗinki a gaban masu jiran kayansu. Daga ranar ba ta sake hawa keke ba. Ta yi aure, auren ya mutu, ta dawo ta tarar da dutsen gugarta a inda ta bar shi. Mahaifiyarsu kuwa, wata rana ana cin abinci ta ce cikinta na damunta, ko za a kai ta a duba. Baba ya ajiye cokali ya dube ta. Mama ta ce, "Ba komai, ya ma lafa." Ba ta sake ɗaga maganar ba, kuma lokacin da aka kwashe ta zuwa asibiti likitoci suka ce an makara.

To, a shekarar da abin ya fara, sai kallon ya yi yawa. Da can sai an yi laifi, yanzu kuwa ko laifi babu. Ana cikin aiki lafiya lau sai a ji keke ya yi shiru. Yaya ta sunkuya a kan gugarta, Auta ya sunkuya a kan almakashinsa, su haɗa baki su ce, "Yi haƙuri, Baba." Wata rana Auta ya tsorata har ya tona wa kansa asiri cewa ya ɓata hannun wata riga ya ɓoye a ƙarƙashin tebur, abin da ba wanda ya sani. Can Baba ya ci gaba da ɗinkinsa.

"Tsufa ne ke ƙara wa batirin ƙarfi," in ji Auta da suka fita cin abinci. "Yanzu har bango yake haskawa. Ko me bango ya yi masa oho."

Wata nas ce ta gano. Ta kawo farin yadi a yi mata kayan aiki, ranar Auta ya fita. Baba ya miƙe yana auna kafaɗarta da tef, sai ya tsaya cak, idonsa a kan wani wuri bayan kunnenta. Yaya ta dukar da kai ta ce, "Yi haƙuri, Baba." Ita kuwa nas ba a gidan ta tashi ba, ba ta san doka ba. Ta dubi tsakiyar idonsa, ta wuce da hannu ta gaban fuskarsa, ta ce, "Baba? Baba, kana ji na?"

Yaya ta ce a ranta: Wa ya aiki wannan? Amma babu abin da ya faru. Can sai Baba ya ja numfashi, ya gyara tef ɗin, ya faɗi awon kafaɗa kamar bai taɓa tsayawa ba.

Da za ta tafi, nas ta yafito Yaya waje, suka tsaya gefen shagon mai gyaran waya.

"Yaya, tun yaushe mahaifinku yake yin wannan abin?"

"Wane abu? Kallon? Ai tun kafin a haife mu."

"Ba kallo ba ne. Ba ya nan. Ba ki ga bakinsa yana motsi kamar mai tauna ba? Ba ki ga yatsunsa suna murza tef ɗin ba?"

Ina Yaya za ta gani, alhali kullum kanta na ƙasa? 

"Ki saurare ni da kyau," in ji nas. "Akwai farfaɗiyar da ba ta kayar da mutum. Ba kumfa, ba shure-shure, sai dai ya yi zuru na ɗan lokaci, ya dawo bai san ya tafi ba. Wani lokaci suga ne ke faɗuwa, ko wani magani da yake sha. Amma a ce dattijo kamar wannan ta fara masa yanzu, dole a nemi dalili. Yana iya zama jijiyar kai ce ke toshewa kaɗan-kaɗan, yana iya zama ƙari ne ke girma a ciki. Ni ba zan iya cewa ga shi ba sai an ɗauki hoton kansa. Da yawa ana samun magani in an zo da wuri. Ku kai shi cikin makon nan, kada ku ce sai wani watan. Kin ji ko?"

"Na ji. Allah ya saka da alheri."

Kuma don Allah a yi mata adalci, da niyyar faɗa ta koma ciki. Sai dai yaya ake ce wa Baba Tela ba shi da lafiya? Ta ce bari ta fara gani da idonta tukuna.

Washegari da hantsi keke ya yi shiru. Auta na bayan shago. Yaya ta ji wuyanta na son lanƙwasawa da kansa, ta dake, ta ɗago. Ga shi nan, idanu a buɗe, leɓe na ɗan motsi, yatsu na murza bakin wani wando. Ta ajiye dutsen guga ta matso. Tunda take ba ta taɓa ƙare wa fuskar ubanta kallo ba. Ashe yana da tabo a gira. Ashe idonsa na hagu ya fi na dama ƙanƙanta. Ashe ɗan tsoho ne kawai, da gashi a hanci.

"Baba," ta ce a hankali.

Shiru.

"Tocila."

Shiru. Sai wani daɗi ya taso mata tun daga tafin ƙafa, daɗin da ba ta taɓa ji ba ko ranar aurenta. Ta yi masa gwalo, mace da furfura a kanta. Da ta ga ya fara jan numfashi ta koma wurinta da sauri, ta ɗauki dutse. A ranta ta ce, asibiti ba gudu zai yi ba, sai mako mai zuwa.

Ta gaya wa Auta, amma rabi ta gaya masa. Ta ce Baba yakan tafi ya bar idonsa a buɗe. Maganar nas da hoton kai kuwa ta haɗiye abarta. Auta ya gwada sau ɗaya, ya tafa hannu a gaban hancin tsohon, ya ga ko gezau, sai ya faɗi a kan tarin yadi yana dariya har da hawaye.

"Yaya, ashe duk wata da watannin nan fanko muke ba haƙuri! Kai, ni da na tona wa kaina asiri a banza!"

Daga nan shago ya zama gidan wasa. Keke na yin shiru Auta zai leƙa, in ya ga leɓe na motsi ya ce, "An ɗauke wuta!" Ya zare zaren daga allura. Ya ɗauke almakashi daga hannun dama ya mayar hagu. Ya ɗora wa tsohon hular jariri a ka, ya ɗauki hoto da waya, ya cire kafin ya dawo. Baba ya farfaɗo ya taka keke, allura na tafiya babu zare. Ya tsaya yana duban allurar, ya laluba inda ya ajiye almakashi bai samu ba. Ya dubi 'ya'yansa, kowa kansa a ƙasa, mutanen kirki. Girman kai ba zai bar shi ya tambaya ba.

Yaya ba ta wasa da hula, nata ya fi wannan zafi. Ita magana take yi. Ta sunkuyo daidai fuskarsa ta ce, "Mugu." Wata rana ta ce, "Na fi ka iya ɗinki, kuma ka sani." Kowace kalma ta fita sai ta ji ƙirjinta ya yi sakayau.

Ita ce kuma ta kawo shawarar hannun riga. Wani ma'aikacin banki ya kawo riguna masu tsada. Abin ya taso wa Baba yana da hannun riga na dama a ƙarƙashin allura, Yaya ta zare shi ta saka na hagu. Ya dawo ya ɗinke abinsa. Da mai riga ya zo gwadawa, hannu ya juya baya, mutumin ya buɗe baki a gaban jama'a.

"Haba Baba! In ido ya ƙare a faɗa mana mana, mu nemi wani. Wannan ai ko ɗan koyo ba zai yi ba."

Baba bai kafe shi da ido ba. Hannuwansa ya kalla, ya juya su ciki da baya kamar na aro. Bayan mutumin ya fita ya ɗauki reza ya zauna yana warware ɗinkin kansa. Yaya na gefe tana fesa wa wando ruwa, tana satar kallo. Ba ta ji tausayi ba ko ƙanƙani. Daɗi ta ji, daɗi tsantsa.

Nas ta dawo karɓar kayanta. Ta ja Yaya gefe ta ce, "Kun kai shi?"

"Mun kai. An ba shi magani, da sauƙi sosai."

"Alhamdu lillahi. Me suka ce?"

"Suga ne," in ji Yaya, ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Amma sauƙi babu shi. Tafiyar ta ƙara yawa, ta ƙara tsawo. Da safe sai ya zo shago yana dafe da goshi. Sau biyu ta ji shi yana amai a bayan gida, ya fito ya wanke baki kamar ba shi ba. Almakashi ya fara suɓucewa daga hannunsa ba tare da Auta ya taɓa komai ba. Yaya na gani, tana kuma sane da abin da take gani, domin an riga an faɗa mata. Kullum sai ta ce mako mai zuwa. Wani lokaci tsoro yakan kama ta tana tsaye a kan guga, sai ta tuna Mama da cokalin nan da aka ajiye, tsoron ya koma inda ya fito.

Wata rana da la'asar Auta ya tafi sayo zif da maɓallai. Babu kowa a shago sai fanka na juyawa. Keke ya yi shiru. Yaya ta ɗago ta ga Baba ya ɗora hannuwa a tebur, idonsa a kanta, leɓensa na ɗan motsi. Ta tsayar da dutsen guga a kan gindinsa, ta goge hannu a zani, ta zo ta jawo kujerar masu jira ta zauna a gabansa, gwiwa da gwiwa. Ranar abin ya cika mata ciki.

"Ka tafi ko? To bari ka ji. Ciwo ne da kai, Tocila. A cikin kanka yake. Nas ɗin nan ta faɗa mini tun tuni, ta ce a kai ka da wuri, ta ce ana samun magani. Na ƙi. Ni na ƙi, da gangan. Mama ma ta ce a kai ta, ka tuna? Me ka yi mata? Zaren da kake nema, mu ke zarewa. Hannun rigar nan ni na canza shi, na tsaya ina kallonka kana warwarewa. Wallahi tunda nake ban taɓa jin daɗi irin na watannin nan ba. Ina so in ga ƙarshen idon nan naka."

Ta tsaya tana haki. Ta jira jan numfashin da yakan yi in zai dawo.

"Kin gama?" in ji Baba.

Yaya ta ja da baya a kan kujerar. 

"Ban tafi ko'ina ba," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa kamar kullum. "Magana nake nema. Tun safe nake juya ta a baki, na rasa ta inda zan fara. So nake in ce miki kaina ya dame ni, lokaci na ɓace mini, ko za ki raka ni asibiti gobe. Ban saba roƙo ba, shi ya sa na daɗe."

Yaya ta zame daga kujera ta durƙusa a kan tarkacen ƙyallaye, ta kama ƙafarsa. "Baba, don Allah don Annabi ka yafe mini. Mu tafi yanzu. Yanzun nan, bari in tsayar da mota."

Ya janye ƙafarsa a hankali. "A'a. Ba inda za ni."

"Baba, ta ce ana warkewa in an je da wuri!"

"Da wuri." Ya ɗan jinjina kai. "Kin ce so kike ki ga ƙarshe. Ai ban taɓa ba ki abin da kike so ba. Wannan zan ba ki."

Ya taka kekensa ya ci gaba da kalmasa bakin wando.

Da Auta ya dawo, Baba ya ce masa ya ɗauko teburin guga daga ƙurya ya ajiye shi nan, daidai gaban keke. Auta ya dubi yayarsa, ya ga fuskarta, bai tambayi dalili ba. Ya kinkimo tebur ya ajiye, ya jawo wayar dutsen guga ya sa a soket. Tsakaninta da ubanta yanzu bai fi a miƙa hannu ba.

A waje ta faɗa wa Auta sauran rabin. Ƙaton nan ya dafe kai ya zauna a bakin kwata. "Yaya, kin cuce ni. Kin bar ni ina sa wa mara lafiya hular jariri? Ni na ɗauka tsufa ne!" Ya goge hotunan daga wayarsa yana kuka, kamar gogewar za ta gyara wani abu.

Babu abin da ba su yi ba. Auta ya kawo tasi har ƙofar shago, Baba ya ce a sallami direba, yana da ɗinkin mutane. Suka kira ƙanen mahaifinsu, Baba ya ba shi kujera, ya sa aka kawo masa ruwan sanyi, ya ce yara ne da rigima. Yaya ta taka har asibiti ta nemo nas, ta faɗa mata gaskiya a tsaye a baranda. Nas ta biyo ta, ta yi wa Baba bayani dalla-dalla, ta roƙe shi. Ya saurara da ladabi har ta gama, ya ce ya gode, ya fahimta sarai, amma ba za shi ba. A bakin ƙofa nas ta ce, "Yana cikin hankalinsa. Ba a ɗaure babba a kai shi asibiti." Ba ta ƙara kallon inda Yaya take ba, ta wuce.

Sai zaman ya koma haka. Keke ya yi shiru, Yaya ta ji ido a tsakiyar kanta. Da can ta koyi bambancewa, yanzu ilimin ya gudu, domin ranar da ta tona wa kanta asiri ma leɓen ya motsa. Shi ne a ciki yana kallonta, ko ciwon ne? In ta ɗago ta tarar da shi, ba za ta iya ɗauka ba. In ta ɗago ta tarar ba ya nan, wannan ma aikin hannunta ne. Sai ta daina ɗagowa gaba ɗaya. Ta rame, hannayenta duk ƙunar dutse. Kowace safiya kafin ta kunna guga sai ta ce, "Baba, mu je yau?" Shi kuma ya ce, "Ga rigunan can suna jiranki." Auta ya kasa jure zaman, ya riƙa ƙirƙirar aike yana ficewa.

Ranar ƙarshe kayan wata makaranta aka kawo, fararen riguna buhu guda, a sa musu baji a goge. Auta ya fita tun da hantsi. Baba na liƙa baji yana turo mata, tana gogewa tana ninkewa. Can keke ya tsaya. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yi haƙuri, Baba." Ta ɗauki riga daga waɗanda ya riga ya gama, ta fesa ruwa, ta goge kwala, ta goge hannu, ta ninke. Ta ɗauki wata. Tana jin idon a kanta, ya yi nauyi, ya ƙi sauka. Ta ce a ranta yau hukuncin mai tsawo ne, kuma ta cancanta. Ta ɗauki wata. Zufa na ɗiga daga haɓarta a kan farin yadi tana bi da dutse. Da waɗanda ya gama suka ƙare, sai ta jawo na cikin buhu ta ci gaba da gogewa, baji ko babu baji, don dai kada hannunta ya tsaya.

Mai gyaran waya na maƙwabta ne ya leƙo neman aron almakashi. Ya yi sallama, ya ce, "Baba, sannu da aiki." Ya sake cewa, "Baba?" Sai ta ji takunsa ya shigo da sauri, ta ji kujera ta goga ƙasa.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Yaya! Yaya, ɗago mana! Jikinsa har ya fara sanyi. Kina nan tsaye a gabansa? Tun yaushe yake haka?"

 Yaya ta juya ta dubi rigunan da ta goge tun da keken ya tsaya. An jera su tsaf, kwala a kan kwala, sun kusa kai mata ƙirji.